KAFIN KA SAYI TSOHON GIDA, KA BINCIKI FAMFONSA

Yau wasiƙu biyu za mu ɗauka, domin magana ɗaya suke yi. Mai ta farko bai saya ba tukuna, mai ta biyu kuwa ya riga ya saya, yana cizon yatsa.

Wasiƙa ta farko ta fito ne daga wani ɗan'uwa manomi, mai fataucin riɗi da wake daga ƙasar Garko, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da ya ce:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Shekara bakwai ina tara ribar fataucina, bana kuma na sayar da bijimai biyu na haɗa, ina so in sayi gida a Kano, yarana masu karatu su zauna a ɗaki biyu, sauran in zuba 'yan haya. Dillali ya nuna mini wani gidan gado a Gyadi-Gyadi, an ce an gina shi zamanin mulkin Shagari. Gida ya sha sabon fenti, ginin bulo ne, har da tankin ruwa a sama. Amma da na murɗa famfon tsakar gida, sai ruwa ya fito siriri kamar fitsarin akuya, kuma ja-ja. Dillali ya ce wannan ba komai ba ne, aikin yini ɗaya ne. Ya ce in kawo kafin alƙalami kafin Juma'a, domin akwai wani mai so. Shin in biya ko in dakata?"

To, Malam, mun gode da wasiƙarka, Allah ya sa wa dukiya albarka. Amsarka a taƙaice ita ce ka dakata. Ban ce ka fasa ba, domin tsohon gida a Gyadi-Gyadi dukiya ce. Wuri ne na tsakiyar gari, ga titin Zariya, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kusa, mai ɗakin haya a nan ba ya rasa mai nema. Amma Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Jan ruwan nan da ka gani, gidan ne yake ba ka labarin abin da ke cikin bangonsa. Kai da kanka, in za ka sayi buhun wake a Dawanau, ba bakin buhu kake dubawa ba, ƙarfe kake sokawa a tsakiya ka ga ko ƙwari sun ci. In sa ne, baki kake buɗe masa ka ƙirga haƙora. To don me gidan da ya ci gumin shekara bakwai za ka saye shi a kan fenti?

Bari in ɗan koma baya, don ka gane irin bututun da ke binne a gidajen wannan yanki.

Ruwan famfo ya shigo Kano ne a farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, lokacin da aka gina gidan ruwa na Challawa ta wajen Panshekara. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Gwamna Audu Bako ya gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama ta a 1974. Daga baya aka yi gidan ruwa na Tamburawa a bakin kogin Kano, kan hanyar Zariya, aka kuma ƙara masa sabon ɓangare zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, wanda aka tsara don tace lita miliyan 150 a kullum. A shekarun 1970 da na 1980 ne, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo, gari ya fantsama ta wannan ɓangaren, unguwanni irin su Gyadi-Gyadi da Hausawa da Tarauni suka cika da gidajen bulo, aka kuma gina rukunin gidajen Kundila.

A wancan zamani bututun ƙarfe ake sa wa gida, wanda aka shafe shi ciki da waje da ruwan farin ƙarfe irin na kwanon rufi, don ya hana shi tsatsa. Bututu ne mai ƙwari, amma yana da ajali. Masana harkar gini suna ƙiyasta masa shekara 40 zuwa 50 idan ya samu yadda yake so. Shagari ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983. Ka ƙirga da kanka, Malam. Bututun gidan nan ya haura arba'in, wato ya shiga shekarun da ake sa ran ya gaza.

Kuma a garinmu bututu bai samu yadda yake so ba. Ƙarfe ya fi saurin tsatsa idan yau ya jiƙe gobe ya bushe, kamar fartanyar da aka bari a waje da damina. Unguwanni da yawa ruwa yakan zo ya ɗauke, wasu ma sun daɗe ba su gan shi ba, sun koma ga rijiyar burtsatse da 'yan garuwa. Duk lokacin da ruwa ya ɗauke iska ce ke maye gurbinsa, iska da laima kuwa su ne abincin tsatsa.

Tsohon bututu ɓarna uku yake yi.

Ta farko, yana toshewa. Tsatsa tana taruwa ne daga ciki, ta yi ta kumbura har hanyar ruwa ta tsuke. Bututun rabin inci idan tsatsa ta mai da raminsa kwatan inci, kada ka ɗauka rabin hanya ta rage, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ya rage. Shi ya sa ka ga ruwa siriri alhali ga tanki a sama. Daga waje kuwa sai ka gan shi lafiya lau.

Ta biyu, yana yoyo. Yawanci daga mahaɗa yake farawa, wurin da aka yi wa bakin bututu zare don a ɗaura gwiwa, domin nan ne ƙarfen ya fi sirancewa. Kada ka raina ɗigo. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa, kafin gobe war haka ya kusa cika jarka guda ta mai garuwa. In a fili yake ɗiga, asarar ruwa ce kurum. In kuwa a cikin bango ne ko ƙarƙashin daɓe, to shekara da shekaru yana jiƙa tushen gini, yana cin rodin da ke cikin kankare, ƙasa tana zaunawa, wata rana ka ga bango ya tsage ka rasa dalili.

Ta uku ita ce ta fi tayar mini da hankali. Ramin da ruwa ke fita ta cikinsa, ta nan ƙazanta ke shiga. Ku manoman rani kun san wannan. Idan tiyon da ke jawo ruwa zuwa inji ya huje, ai iska da laka yake zuƙowa. Haka bututun gida yake. Lokacin da ruwa ke zuwa da ƙarfi, waje yake fesawa. Da zarar an ɗauke, ruwan da ya rage a ciki sai ya gangara baya, ya zuƙo duk abin da ke kwance a bakin ramin. Yanzu ka zaga lungunan tsofaffin unguwanni ka duba, bututu nawa za ka gani kwance tsamo-tsamo a cikin kwata? Ruwan kwatar nan shi ne zai fara fitowa a famfonka ranar da aka kawo ruwa. Ta irin wannan hanya ce taifot da amai da gudawa suke shiga gidan da mai shi ke ganin ruwan famfo yake sha.

To yaya za ka bincika? Ka saurara da kyau, in da yaro ɗan makaranta a kusa ya rubuta maka.

Na farko, ka nemi mai gyaran famfo naka na kanka. Kada ka yarda da wanda dillali ya kawo, ko wanda masu gida suka kawo. Dillali ba maƙiyinka ba ne, amma la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Ka tambayi wani ɗan garinku da ya daɗe a Kano ya haɗa ka da dattijo wanda ya yi aikin bututun ƙarfe da hannunsa, ka biya shi kuɗin yini, ka kuma gaya masa tun farko cewa kuɗin dubawa ne, ko an saya ko ba a saya ba haƙƙinsa yana nan.

Na biyu, ka san irin bututun. Ka tafi da maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifikar rediyo ne. Ka kai shi jikin bututu a wurin da ya fito fili. In ya kama, ƙarfe ne. In bai kama ba kuma ja ne, tagulla ce. In roba ce ka gani da idonka. Sai dai a nan akwai wayo. Wasu sukan canja guntun da ido ke gani su sa na roba, su bar tsohon ƙarfe a cikin bango. Saboda haka ka sa mai gyara ya kwance kan famfo ɗaya a banɗaki, ka haska fitila cikin bakin bututun, ka tura siririyar waya. Abin da ya fito a jikin wayar shi ne gaskiyar gidan.

Na uku, gwajin farin bokiti. Ka je da sassafe kafin kowa ya taɓa famfo, ka tari ruwan farko. In ya fito ja, bayan ɗan lokaci ya washe, tsatsar daga bututun gidan take. Sa'an nan ka duba agogo ka ga minti nawa bokitin ke ɗauka kafin ya cika a famfon da ya fi kusa da tanki, ka sake gwadawa a wanda ya fi nisa. In tazarar ta yi yawa, hanya ta toshe.

Na huɗu, gwajin tanki, wanda ya fi duk sauran. A cika tanki da yamma. In babu ruwa a unguwar, ka sayi kura biyu ko uku a wurin 'yan garuwa a ɗora, kada ka ji ƙyashin kuɗin. A rufe hanyar da ruwa ke shigowa, a rufe kowane famfo, a tabbata na masai ba ya zuba, ka yi alama da gawayi daidai inda ruwa ya tsaya. Ka kulle gida, ko ka sa yaronka ya kwana a ciki. Da safe ka hau ka duba. In ruwa ya sauka alhali ba wanda ya ɗiba, to gidan yana shan ruwa ta inda ba ka gani.

Na biyar, ka bi bango da hannu. Sabon fenti yana rufe tabo amma ba ya rufe laima. Ka dafa tafin hannunka a ƙasan bangon da ke bayan banɗaki da madafi. In ka ji sanyi, ko ka ga fenti ya yi bororo, ko wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, akwai ruwa a ciki. Ka ƙwanƙwasa filasta da daɓe da bayan mabuɗi, inda ya yi ƙarar holoƙo ka yi alama. Ka kuma fita ka dubi bangon ta waje, ta lungu, domin can ba a cika kai fenti ba. Hancinka ma shaida ne. Ɗakin da ke warin ruma da rani, ka tambayi dalili.

Na shida, kada ka tsaya a ruwan da ke shigowa, ka bi wanda ke fita. Ka zuba bokiti biyu a masai, wani ya tsaya a bakin ramin sokawe ya ga ko ruwa ya iso da sauri. A ɗaga murfin a duba, ya cika ne, bangonsa ya rufta ne, murfin kansa zai ɗauki mutum? Tsohon murfin da rodinsa ya yi tsatsa haɗari ne ga yara. In akwai darbejiya ko mangwaro kusa da hanyar bututun, ka yi zargin saiwa, domin saiwa tana bin laima ta kutsa ta mahaɗa har ta cika bututu. Wasu tsofaffin gidaje kuma bututun masansu na asbesto ne, irin mai kama da siminti. Wannan in za a cire shi, a jiƙa shi da ruwa a ɗauke shi ɗungurungum. Kada a yanka shi da inji, ƙurarsa tana lahanta huhu.

In gidan yana da rijiya ko burtsatse, ka auna tsakaninta da sokawe. Masana kiwon lafiya suna son tazarar ta kai kamar mita 30. Fuloti mai ƙafa 50 da 100, tsawonsa gaba ɗaya mita 30 ɗin ke nan, balle rabin fuloti. Kuma ba sokawen gidan kaɗai za ka duba ba, har da ta maƙwabcin da ke bayan katanga. In sun yi kusa, ka ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta a kai ɗakin gwaji kafin iyalinka su sha.

Na bakwai, ka gaisa da maƙwabta. Ka yi sallar La'asar a masallacin layin, ka zauna da dattawa. Yaushe rabon da ruwan gwamnati ya zo? Da damina ruwa yana kwanciya a layin? Sau nawa suka ga an fasa daɓen gidan nan? Mai garuwan layin ma ya san gidan da famfonsa ya mutu, domin shi ke kai musu ruwa.

Akwai wata magana da ban so in tsallake, maganar dalma. Kun tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Waccan daga niƙan dutsen zinariya ta fito, ba daga famfo ba, amma ta nuna mana abin da dalma ke yi wa ƙananan yara. Ta famfo kuwa, a garin Filint na ƙasar Amurka aka gani a 2014, lokacin da aka sauya inda ake ɗebo wa garin ruwa, sabon ruwan ya ci tsofaffin bututu, dalma ta shiga ruwan sha. Amurka ba ta hana amfani da dalma a aikin famfo ba sai a 1986. Tsohon aikin famfo a ko'ina yana iya ɗauke da ita, a cikin abin da aka yi liƙi da shi, ko a tsofaffin kawunan famfo na tagulla, ko a shafen jikin bututun ƙarfe. Dalma ba ta da launi a ruwa, ba ta da ɗanɗano, tafasawa kuma ba ta fitar da ita. In ka ga bututu mai ruwan toka wanda maganaɗisu bai kama ba, ka karce shi da wuƙa ya yi taushi yana ƙyalli, to wannan a cire shi tun kafin a shigo da tabarma. Kuma muddin tsohon bututu na nan, ruwan da ya kwana a cikinsa a tare shi don wanki da shara, sai ya gudana sosai sa'an nan a ɗebi na sha da na kunun jariri.

Yanzu ciniki. Bayan an gama bincike, ka sa mai gyara ya rubuta maka lissafin canja bututun gidan gaba ɗaya, daga bakin ƙofa har banɗaki na ƙarshe, kaya daban, kuɗin aiki daban, har da simintin da za a mayar inda aka fasa. Ka ɗauki takardar ka shiga kasuwa da ƙafarka, ko shagunan kayan famfo na Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, ka ji farashi a shago uku. Ba zan faɗa maka adadi a nan ba, domin kuɗin kaya na wannan wata ba shi ne na watan gobe ba. Abin da lissafi ya ba ka, shi za ka ajiye a gaban magada ka ce, ga abin da na gani, ga abin da gyaransa zai ci, a rage mini shi. Gara a rage maka kuɗi ka yi aikin da kanka da su ce za su gyara, domin mai shirin barin gida faci zai yi.

Ka kuma je ofishin Hukumar Ruwa ta Jihar Kano mai kula da yankin, ka tambaya ko da rajista aka jawo wa gidan ruwa, ko kuma akwai tsohon bashi a kansa. In akwai, a cire shi daga kuɗin gida. Duk abin da kuka daidaita a rubuta shi a takardar ciniki, gaban mai unguwa da shaidu. Tun da gidan gado ne, ka tabbata duk magada sun sa hannu, mata da maza, kuma takardun fili sun bi ta hannun wanda ya san su.

Batun wai akwai wani mai so kafin Juma'a, Malam, kai ɗan kasuwa ne, ka san wannan karatun. Binciken da na lissafa maka kwana biyu ne. Mai gidan da ya hana ka kwana biyu a kan cinikin miliyoyi, ya riga ya ba ka amsa. In rabonka ne, yana nan yana jiranka.

Sai wasiƙa ta biyu, daga wani Alhaji mai sayar da dabbobi a kasuwar Wudil. Ya ce bara ya sayi tsohon gida a Tarauni ya sa uwargidansa da yara. Cikin wata takwas an fasa daɓe sau uku, duk inda aka gyara sai gaba da shi ya ɓalle. Yanzu bangon ɗakin uwargida ya jiƙe har ya fara zubar da filasta, yara kuma ba sa rabuwa da ciwon ciki. Yana tambaya, ya ci gaba da gyara ne, ko yana da hakkin komawa kan wanda ya sayar masa?

Alhaji, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba yara lafiya. Da farko dai a kai su asibiti a duba su, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Daga yau kuma ruwan sha a tafasa shi, ko a sa masa maganin kulorin bisa ƙa'idar da ke jikin kwalba. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta.

Game da gyara, ka daina faci. Bututun gidan nan rana ɗaya aka sa su, tare suka tsufa. Tsohuwar riga ce, kana ɗinke nan can yana yagewa. Daɗin daɗawa, duk lokacin da aka ɗora sifana aka murɗa tsohon ƙarfe, mahaɗar da ke gaba tana motsawa, tsatsar da ta toshe wani rami ta zube. Kuɗin faci uku da ka biya da sun kai ka wani wuri a sabon aiki.

Ga yadda za ka yi ba tare da ka rushe gida ba. Ba dole ne a tono tsohon bututu ba. A yanke shi daga tushe, a tsiyaye shi, a toshe bakinsa, a bar shi a bango ya mutu. Sabon a bi da shi ta jikin bango a fili, a kama shi da maƙalai, inda in ya yi yoyo ido zai gani. A yau na roba ake yayi, akwai PVC da ake haɗawa da gam, akwai PPR, yawanci kore, da ake narka bakinsa da inji a haɗa. Ba sa tsatsa, amma suna da nasu sharaɗi. Rana tana cin roba, zafin Kano kuwa a watan Afrilu yakan haura digiri 40, saboda haka inda zai bi ta rana a binne shi kamar kamu guda, ko a rufe shi, ko a shafa masa fenti. Ka je sayen kaya tare da mai aikin, ka ce mai kauri na ruwan sha kake so. Akwai siriri na zubar da ruwan wanka, akwai ma na zura wayar lantarki, sun fi araha, marar tsoron Allah yakan sa wa mutum su ya karɓi kuɗin mai kauri.

In kuɗi ba za su kai a yi gaba ɗaya ba, a yi shi daki-daki. A fara da wanda ya taso daga waje zuwa tanki, a fitar da shi daga cikin kwata. In dole ne ya tsallake ta, ya bi ta sama, a zura shi cikin wani bututu da ya fi shi faɗi. Amma haƙa titi da taɓa babban bututun layi aikin Hukumar Ruwa ne, a sanar da su. Bayan wannan sai famfon da ake ɗibar ruwan sha, sa'an nan banɗakuna. A sa makulli a bakin tanki da kan kowane reshe, don in wuri ɗaya ya lalace kada gida duka ya rasa ruwa. A wanke tankin, a yi masa murfi. Ka kuma kira mai aikin lantarki, domin a wasu tsofaffin gidaje wayar da ke kai ɓatacciyar wuta ƙasa a jikin bututun ƙarfe aka ɗaura ta. In an koma roba, sai an kafa mata nata ƙarfen a ƙasa, in ba haka ba wata rana firji ko dutsen guga ya ja mutum. In an gama, a sake gwajin tanki kafin ka biya cikon kuɗin aiki. A bar jiƙaƙƙen bangon ya bushe sarai kafin a yi masa filasta. A ƙarshe a zana maka a takarda inda kowane bututu ya bi, ka ajiye tare da takardun gida, 'ya'yanka za su yi maka addu'a.

Tambayarka ta biyu ta malamai ce, amma ga abin da aka sani. A shari'a haramun ne mai sayarwa ya ɓoye aibin da ya sani. Malaman Malikiyya sun kasa aibin gida kashi uku. Akwai ɗan ƙarami da ba ya rage daraja, wannan ba a komawa a kansa. Akwai matsakaici, wanda ake mayar wa mai saye gwargwadon abin da ya rage na kuɗi. Akwai babba, kamar wanda ake tsoron gini ya faɗi saboda shi, wanda mai saye ke da zaɓin mayar da gidan. Sharaɗi shi ne aibin ya riga ciniki, kuma ba ka san da shi ba lokacin da ka saya. Wanda ya gano aibi ya yi shiru ya daɗe, ana iya ɗauka ya yarda. Saboda haka kada ka ƙara jinkiri. Ka riƙe guntayen bututun da aka ciro, ka ɗauki hoton bangon, ka nemi mai gyaran da ya yi aikin ya zama shaida. Ka fara da mai unguwa da shaidun ciniki a nemi sulhu. In abin ya faskara, alƙali ne zai tantance kashin da naka ya faɗa.

Ku kuma masu sayarwa da dillalai da kuke jinmu, ku faɗi aibin gida a rage muku kaɗan, ya fi ku ci kuɗin da za a bi ku da Allah ya isa.

To jama'a, lokaci ya yi halinsa. Ɗan'uwanmu na Garko, ka rubuto mana abin da tanki ya nuna da safe, domin wasu su ƙaru. Sauran wasiƙun da ba mu kai gare su ba, suna nan a ajiye, a yi mana haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. In kunne ya ji, jiki ya tsira. A huta lafiya.